Ƙashin tangaran da ƙwayoyin ɓargo: yadda ake neman cike gurbin ƙashin da ya ɓace

Duk wanda ya taɓa zagawa bayan kwata a manyan garuruwanmu ya san tarin ƙasusuwan shanu da ake ƙonawa don a niƙa a haɗa abincin kaji. Kafin wuta ta taɓa shi, ƙashin cinyar sa sai da gatari. Bayan ta cinye shi sarai, ya tashi daga baƙi ya koma fari fat kamar alli, ko yaro yana iya murƙushe shi da hannu. Siffarsa tana nan, har ƙananan ramukan nan masu kama da soso da ke wajen gaɓa suna nan, amma ƙarfin ya tafi. Abin da wuta ta ci wani zare ne mai danƙo da ake kira kolajin. Abin da ta bari kuwa ma'adini ne na kalsiyam da fosfet, wanda masana ke kira haidiroksi-afatayit, kuma shi ne kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na nauyin ƙashi. In ka juya gwajin, ka jiƙa ƙashin kaza a ruwan khal na 'yan kwanaki, ma'adinin ne zai narke ya bar zaren, sai ka ga ƙashi yana lanƙwasuwa kamar roba. Magina za su gane zancen nan take: siminti ne da rodi. Ɗaya yana ɗaukar nauyi, ɗaya yana hana tsagewa.

Sai dai ƙashi ya fi ginshiƙin siminti da abu guda: yana da rai. Cikinsa akwai hanyoyin jini, akwai kuma ma'aikata iri biyu da ba sa hutawa, masu rushe tsohon gini da masu aza sabo a gurbinsa. A jikin baligi kusan kashi 10 cikin 100 na ƙasusuwa ake sabuntawa ta haka duk shekara. Shi ya sa fata in ta yanke takan warke da tabo, ƙashi kuwa in ya karye yana iya haɗewa da ƙashi na gaske. Jini ne ke fara taruwa a wurin ya daskare, guringuntsi ya maye gurbinsa, ma'adini ya sauka a kan guringuntsin, daga nan a yi ta sassaƙar wurin wata da watanni har ya koma daidai. Mai ɗori na gargajiya da likitan Asibitin Ƙashi na Dala duk a kan wannan baiwa suke aiki. Nasu shi ne su daidaita bakunan biyu su hana su motsi, jiki ya yi saura.

Wahalar tana zuwa ne in bakunan ba za su iya haɗuwa ba don abin da ke tsakaninsu ya ɓace. Ɗauki matashin da mota ta banke a kan babur, ƙwaurinsa ya fashe, ƙashi ya huda fata, wani yanki ya dagargaje ya zube a kan kwalta. Ko wanda harsashi ya ratsa wa damtse, ko wanda aka yanke wa ƙari daga muƙamuƙi, ko yaron da mugunya ta cinye wa ƙashi har likita ya ƙwaƙule mataccen ya yar. In gurbin ya kai santimita 5 ko 7, jiki ba ya iya tsallake shi. Sai ya cike wurin da nama mai tauri irin na tabo, ƙafa ta riƙa lilo a inda babu gaɓa. Ko a karayar da babu abin da ya ɓace, ƙiyasin da likitoci suka saba ambatawa shi ne 5 zuwa 10 cikin 100 sukan yi jinkirin haɗewa ko su ƙi gaba ɗaya.

Har gobe, babu abin da ya kai ƙashin mutum da kansa wajen cike irin wannan gurbi. Likita yakan tsaga gefen ƙugu ya kankaro sosan ƙashin da ke ciki ya cusa a inda ake buƙata. Dalilin fifikonsa shi ne ya zo da komai a haɗe, kuma misalin noma ya fi bayyana shi: akwai gonar, wato ramukan da sabon ƙashi zai bi, akwai irin, wato ƙwayoyin halitta masu gina ƙashi, akwai kuma takin, wato sinadaran da ke zaburar da su. Amma abin da ake samu daga ƙugu bai wuce cokula kaɗan ba, kuma tiyata ce ta biyu a jikin da ya riga ya jigata. Wasu ƙafarsu ta warke, ciwon ƙugun ne ke damunsu shekaru. Ana amfani da ƙashin wani mutum daban, abin da William Macewen ya fara cin nasararsa a Glasgow wajejen 1880 a damtsen wani yaro, yanzu kuma har da na mamaci da aka ajiye a rumbun ƙashi, amma tsaftace shi daga cuta yana kashe ƙwayoyin da ke ciki, sai gona kawai ta rage. Ana kuma amfani da na dabba, galibi saniya, wani lokaci alade ko doki, kuma mara lafiya Musulmi yana da haƙƙin ya tambayi daga ina aka samo abin da za a sa masa.

Akwai hanyoyi biyu na tiyata da suka ceci ƙafafu da yawa ba tare da an rena ƙwayoyin halitta a ɗakin gwaji ba. Gavriil Ilizarov, likitan da ya yi aiki a Kurgan ta ƙasar Rasha tun shekarun 1950, ya gano cewa in aka yanka lafiyayyen ƙashi aka riƙa jan bakunansa da zobban ƙarfe milimita 1 a rana, sabon ƙashi zai riƙa tsirowa a tsakani. Da haka ake tura wani yanki sannu a hankali har ya rufe gurbi. Yana aiki, amma mutum zai yi watanni da yawa, wani lokaci fiye da shekara, da ƙarafa a soke a ƙafa. Alain Masquelet na Faransa kuma tun 1986 yake cusa simintin tiyata a gurbin ya bar shi mako 6 zuwa 8. Jiki sai ya lulluɓe simintin da wani tantani mai cike da hanyoyin jini, sannan a cire simintin a zuba dashen ƙashi cikin wannan jaka. A riƙe zancen tantanin nan, domin za mu dawo kansa.

To ina tangaran ya shigo? Ba faranti da kofin shayi ake nufi ba, ko da yake danginsu ne: abu ne na ma'adini da aka gasa a wuta mai tsananin zafi, sama da digiri 1000, har ƙwayoyin garin suka manne da juna. Tunanin mai sauƙi ne. Tunda kaso mafi yawa na ƙashi ma'adini ne, me zai hana a ƙera ma'adinin a masana'anta, a samu yadda ake so, babu cutar wani, babu tsaga ƙugu? Tun 1892 wani likitan Jamus mai suna Dreesmann ya cike ramukan ƙashi da farar hodar nan ta fi'ofi, wadda ake ɗaure karaya da ita ake kuma yin silin. A 1920 Fred Albee na Amurka ya gwada wani gishirin kalsiyam da fosfet a ƙasusuwan zomaye ya ga suna saurin haɗewa.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Larry Hench, injiniya a Jami'ar Florida. A 1967 ya zauna a motar bas kusa da wani kanar da ya dawo daga yaƙin Biyetnam. Kanar ɗin ya ba shi labarin samarin da ake yanke wa hannaye da ƙafafu saboda jiki yana ƙin ƙarfe da robar da ake sa musu, ya tambaye shi ko zai iya ƙera abin da jiki zai amince da shi. A 1969 Hench ya haɗa wani gilashi mai kashi 45 na silika, da soda, da kalsiyam, da ɗan fosfet. Da aka dasa shi a cinyar ɓeraye, bayan makonni sai aka kasa ɓamɓare shi daga ƙashin. Bayan gilashin ya narke kaɗan a ruwan jiki, sai fuskarsa ta rufu da irin ma'adinin ƙashi, ƙwayoyin jiki kuma suka ɗauke shi a matsayin nasu. Kafin wannan, burin masu ƙera kayan dashe bai wuce su sami abin da jiki zai ƙyale ba. Daga nan aka fara neman abin da jiki zai rungume. A 1974 kuma su Della Roy a Pennsylvania suka gano yadda za a dafa dutsen murjani na teku ya rikiɗe ya zama ma'adinin ƙashi ba tare da ramukansa sun lalace ba.

Ramukan nan su ne rabin ilimin. Dunƙulen tangaran mara ƙofa ba ya da amfani, ƙashi zai manne a bayansa kawai. Dole ya zama kamar suri, wanda ɗakunan cikinsa duka suna buɗe wa juna, ta yadda hanyar jini za ta shiga ta nan ta ɓulla can. Gwaje-gwaje tun daga 1970 sun nuna cewa ƙofar da ba ta kai kashi 1 cikin 10 na milimita ba, wato kimanin kaurin silin gashi, ƙashi ba ya shigarta sosai, kuma an fi son ta kai sulusin milimita ko fiye don jijiyar jini ta samu wucewa. Amma iya yawan ramuka, iya raunin abin. Tangaran kuwa dama siminti ne babu rodi: yana jure dannawa, ba ya jure lanƙwasawa ko murɗawa, sai ya tsage. Don haka ba a sa shi a ƙwauri a ce mutum ya tashi ya taka. Sai an tallafe shi da farantin ƙarfe, ko ƙusa a cikin ɓargo, ko zobba daga waje.

Ɗaya rabin shi ne narkewa. Abin da ake so shi ne tangaran ya riƙa ja da baya daidai gwargwadon yadda sabon ƙashi ke shigowa, kamar katakon da ake tokare rufin kankare da shi a cire in siminti ya kama. Fi'ofi yana narkewa cikin makonni, sau da yawa kafin ƙashi ya iso. Haidiroksi-afatayit da aka gasa kuwa yana iya yin shekaru a zaune. Tsakaninsu akwai wani ɗan'uwansa mai suna tiraikalsiyam fosfet da ke tafiya cikin watanni zuwa shekara ɗaya ko biyu. Shi ya sa masu ƙira suke gauraya biyun, misali kashi 20 na mai daɗewa da kashi 80 na mai narkewa. A ƙananan ramuka masu bango ta kowane gefe, kamar gurbin haƙori, ko ramin da aka ƙwaƙule ƙari, ko ƙarƙashin gwiwa da ya lotsa, waɗannan kayayyaki suna aiki, kuma ana amfani da su kullum a asibitocin duniya. Wannan ɓangare ya wuce matakin gwaji.

A babban gurbi ne gona kaɗai ba ta isa. Ƙashi yana rarrafowa daga gefe milimita kaɗan ya tsaya, tsakiya ta zauna wayam. An ga alamar cewa wasu nau'o'in tangaran suna iya tsirar da ƙashi da kansu, domin Ugo Ripamonti a Johannesburg ya dasa wanda aka yi da murjani a cikin tsokar gwaggon biri a farkon shekarun 1990, sai ga ƙashi a cikin ramukan alhali babu wani ƙashi a kusa. Amma abin da ke tsirowa ta haka kaɗan ne. Dole a nemo iri.

Irin yana cikin ɓargo. Alexander Friedenstein, wani masani a Mosko, shi ya nuna a shekarun 1960 da 1970 cewa bayan ƙwayoyin da ke haifar da jini, akwai wasu 'yan tsiraru a ɓargo da suke mannewa a gindin kwanon gwaji, su hayayyafa, in an mayar da su jikin dabba su gina ƙashi. A 1991 Arnold Caplan na Amurka ya raɗa musu sunan da ya bazu, wanda za mu iya cewa ƙwayoyin tushe, su ne ake ji ana kira sitem sel. Ina so a fahimci wani abu a nan, saboda na ga yana tayar wa mutane hankali: waɗannan ba daga ɗan tayi ake samo su ba. Daga ƙugun mara lafiyar da kansa ake zuƙo su da allura. Kuma ba su da yawa, kimanin ɗaya cikin 10,000 zuwa 100,000 na ƙwayoyin ɓargo, suna kuma raguwa yayin da mutum ke tsufa.

Hanya biyu ake bi a ƙara yawansu. Mai sauƙin ita ce a zuba ɓargon a na'ura mai juyawa da gudu, ta ware sashen da suka fi taruwa, a mayar wa mutum a zama ɗaya. Philippe Hernigou na asibitin Henri Mondor kusa da Paris ya wallafa sakamakon haka a 2005: mutum 60 da ƙwaurinsu ya ƙi haɗewa aka yi wa allurar tataccen ɓargonsu, 53 suka warke. Da aka duba 7 da ba su warke ba, sai aka tarar su ne waɗanda adadin ƙwayoyin da aka sa musu ya fi ƙaranci. Mai wuyar ita ce a kai ƙwayoyin ɗakin reno na musamman, a ciyar da su mako 2 ko 3 har su kai miliyoyi, sannan a shuka su a kan tangaran.

A 2001 aka fara jin sakamakon wannan ta biyun a jikin mutane. Rodolfo Quarto da Ranieri Cancedda na Jenowa, da Maurilio Marcacci na Bolonya a Italiya, tare da likitocin Rasha, sun ba da rahoton mutum 3 masu gurbin santimita 4 zuwa 7 a ƙwauri da sangalin hannu da damtse. An ƙera musu bututun tangaran daidai girman gurbin, aka shuka ƙwayoyinsu a ciki, aka tallafe da ƙarfe daga waje. Duka ukun sun dawo da amfanin gaɓoɓinsu. Da aka sake duba su bayan shekara 6 zuwa 7, dashen yana nan daram, amma tangaran ɗin ma yana nan bai narke ba, har ya tare hoto ya hana a ga iyakar ƙashin da ya tsiro a ciki. A shekarar 2001 ɗin dai, Charles Vacanti a Amurka ya maye wa wani mutum ƙashin kan babban yatsansa da murjani da ƙwayoyin tantanin ƙashinsa. Mutumin ya koma aiki, amma da aka gutsuro ɗan yanki bayan wata 10, kusan kashi 5 cikin 100 ne kawai ya zama ƙashi.

Ɗaya daga cikin gwaje-gwaje masu tsari da aka yi bayan nan shi ne na shirin REBORNE da Tarayyar Turai ta ɗauki nauyi, ƙarƙashin Pierre Layrolle na Nantes. Mutum 28 a Faransa da Jamus da Italiya da Sifaniya, masu karayar cinya ko ƙwauri ko damtse da ta ƙi haɗewa, aka sa wa ƙwayoyin ɓargonsu miliyan 100 zuwa 200 a gauraye da tsakuwar tangaran mai kashi 20 da 80 ɗin nan. Bayan shekara ɗaya 26 sun haɗe, kuma ba a ga wata illa daga ƙwayoyin ba. Sakamako ne mai daɗin ji, amma a auna shi da ma'auninsa. Babu rukuni na biyu da aka yi wa dashen ƙugu don a kwatanta, gurabun ba manya ba ne, kuma an zaɓi waɗanda babu mugunya a rauninsu. Ya nuna cewa abin ba ya cutarwa kuma yana iya aiki. Bai nuna ya fi tsohuwar hanya ba.

Me ya sa bayan shekara fiye da 20 abin bai zama ruwan dare ba? A ganina amsar tana cikin abin da misalin nomanmu bai ambata ba tukuna, wato ruwa. Ga gona, ga iri, ga taki, babu damina. Ƙwayar halitta ba ta iya rayuwa nesa da hanyar jini fiye da kimanin kashi 2 cikin 10 na milimita, iyakar inda iskar oksijin ke iya ratsawa ke nan. A ɓera, dashen bai wuce ƙwayar gero ba, jini yana isa ko'ina cikin kwanaki. A mutum kuwa dunƙule ne mai kaurin rake, jijiyoyi kuma suna shigowa ne daga gefe a hankali cikin makonni. Kafin su kai tsakiya, ƙwayoyin da aka kashe dukiya aka rena sun shaƙe sun mutu. Gwaje-gwajen dabbobi sun sha nuna cewa mafi yawan ƙwayoyin da aka dasa suna ɓacewa cikin kwanaki ko makonni kaɗan, kuma sau da yawa ƙashin da ya tsiro daga baya ƙwayoyin mai jikin ne suka gina shi. Ke nan baƙin da aka kawo sun fi kama da masu shela: kafin su mutu sukan saki sinadaran da ke kiran hanyoyin jini da maginan gida. Caplan da kansa ya rubuta a 2017 cewa ya kamata a canza sunan da ya raɗa, domin yana sa jama'a su ɗauka ƙwayoyin suna rikiɗa su zama duk abin da ya lalace a jiki.

Likitocin Kiel a Jamus sun nuna girman wannan matsala ta hanyar da suka bi suka kauce mata. A 2004 Patrick Warnke da abokansa suka karɓi wani mutum ɗan shekara 56 da ciwon daji ya raba da mafi yawan muƙamuƙinsa na ƙasa. Da hoton kwamfuta suka ƙera ragar ƙarfen taitaniyam daidai siffar haɓarsa, suka cika ta da ma'adinin ƙashin saniya, da ɓargonsa, da sinadarin zaburar da ƙashi. Maimakon su kai ta fuska, inda hasken maganin daji ya riga ya ƙona hanyoyin jini, sai suka binne ta a cikin babbar tsokar bayansa na mako 7. Bayan jijiyoyi sun ratsa ta, suka yanko ta tare da tsokar da jijiyar da ke shayar da ita, suka ɗinke jijiyar da ta wuya. Bayan mako 4 mutumin ya tauna burodi, abin da ya shekara 9 bai yi ba. Daga baya ragar ta tsage, mugunya ta shiga, aka sake yi masa tiyata, kuma ya rasu da ciwon zuciya wata 15 bayan dashen. Duk da haka darasin ya fito fili, kuma shi ne dai darasin tantanin Masquelet: a fara samar da jini, sauran su biyo baya. Masu bincike yanzu suna buga tangaran da na'ura mai ɗora abu hawa-hawa, su bar magudanai a ciki don a zura jijiya, wasu kuma suna shuka ƙwayoyin hanyar jini tare da na ƙashi.

Takin ma ya koyar da nasa darasi. Marshall Urist ya gano a 1965 cewa a cikin ƙashi akwai sinadarin da ke iya tsirar da ƙashi ko a cikin tsoka. Amurka ta amince da wanda aka ƙera a masana'anta a 2002 don tiyatar gadon baya. Da aka riƙa zuba shi da yawa a inda ba a gwada ba, sai ga kumburin wuya mai toshe numfashi da ƙashi yana fitowa a inda ba a so, har hukumar magunguna ta ƙasar ta fitar da gargaɗi a 2008.

Sai babbar abokiyar gaba, mugunya. Duk wani abu mara jini da aka sa a jiki, ƙarfe ne ko tangaran, maɓoya ce ga ƙwayoyin cuta, domin maganin da aka sha ta jini yake tafiya, can kuwa jini bai kai ba. A nan zancen ya fi shafarmu. Raunin da ya kwana da ƙasar titi a ciki, ko aka fara kai shi gidan ɗori aka tamke da kara alhali fata a buɗe take, aka zo asibiti bayan mako 3 yana wari, babu tangaran ko ƙwayar tushen da za ta yi masa amfani sai an yanke duk mataccen nama da ƙashi, an kashe cutar, an rufe wurin da lafiyayyar tsoka. Abin da ya ba da kyakkyawan fata a wannan fanni shi ne mayar da tangaran ɗin kansa ma'ajiyar magani. A Oxford, Martin McNally da abokansa sun ba da rahoto a 2016 kan mutum 100 masu daɗaɗɗiyar ruɓewar ƙashi, aka ƙwaƙule wurin aka cike da haɗin fi'ofi da haidiroksi-afatayit mai ɗauke da maganin jentamaisin, cutar ta mutu a jikin 96 da tiyata ɗaya. Babu ƙwayar tushe ko ɗaya a wannan aiki.

Wannan ya kawo ni kan abin da ke ƙona mini rai. Ana yawo da garin sha a 'yan ƙunshi da kwalabe a unguwanninmu da shafukan sada zumunta, ana cewa sitem sel ne, yana gyara ƙashi da ƙoda da ido da komai, ana karɓar kuɗin mutanen da ciwo ya riga ya talauta. Ƙwaya mai rai ba ta zama a busasshen gari a kan kanta, in ma ta zauna ciki zai narkar da ita kamar kowane abinci. Ko allurar ƙwayoyi na gaske in an yi ta ba bisa ƙa'ida ba tana da haɗari: a 2017 aka wallafa labarin mata 3 a Florida da suka rasa ganinsu bayan wani wurin kasuwanci ya yi musu allurar ƙwayoyin kitsensu a ido. A Turai ƙwayoyin da aka rena a ɗakin gwaji doka tana ɗaukarsu a matsayin magani, da duk binciken da ke kan magani, kuma wannan na cikin abin da ya sa suke da tsada.

Akwai kuwa wani ɓangare na wannan ilimi da hannunmu zai iya kaiwa. Masu bincike a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun wallafa ayyuka kan fitar da haidiroksi-afatayit daga ƙasusuwan shanu da na tarwaɗa, wato daga irin tarin nan na bayan kwata. Tsakanin garin da aka gasa a ɗakin gwaji da abin da likita zai sa a jikin mutum akwai tafiya mai nisa, ta gwajin dabbobi da tabbatar da tsafta da amincewar hukuma, amma kayan aikin a ƙofar gidanmu suke.

Wani ɓangaren kuma da hannunmu zai iya kaiwa ya shafi sikila. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya ce ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da ita a Najeriya duk shekara, kuma ɗaya daga cikin azabobinta shi ne mutuwar kan ƙashin cinya, inda ya shiga ƙugu. Lanƙwasassun ƙwayoyin jini ne ke toshe 'yan jijiyoyin da ke shayar da wurin, ƙashi ya mutu da ƙishirwa, daga baya ya rufta. Hernigou ya daɗe yana huda irin wannan ƙashi ya zuba tataccen ɓargon mara lafiyar, kuma a Salvador ta ƙasar Brazil, Gildásio Daltro da abokansa sun ba da rahoto a 2015 kan masu sikila 89 da aka yi wa haka, ciwo ya ragu, yawancin ƙugun kuma ba su rufta ba. Aikin ba ya buƙatar ɗakin reno, sai allurar zuƙo ɓargo da na'urar tacewa da ɗakin tiyata mai tsafta. Sharaɗinsa shi ne a yi shi tun kan ƙashin yana zagaye, kafin ya lotsa. Bayan ya rufta, sai dai a sauya ƙugun da na ƙarfe. A matakin farko hoton ƙashi na yau da kullum yakan fito lafiya lau, sai na'urar MRI, mai ɗaukar hoton cikin jiki da maganaɗisu, ce ke ganin wurin da ya mutu, alamar da ake gani a gida kuwa ba ta wuce budurwa ko saurayi mai sikila ya fara ɗingishi yana dafe matsematsi in ya tashi daga zaune.